Daminar da Habibu Bai Ɗauki Fartanya Ba

Ku matso nan kusa, tabarmar ta ishe mu. Maganar da zan yi ba ta ɗaga murya ba ce, don wadda ta tono mini ita tana cikin ɗakin can da waya a hannu.

Safiyya ce, 'yar Habibu ƙanin maigidana. Daga Bacirawa, can cikin birni, ubanta ya turo ta wurina da daminar nan, wai can hayaniya ta yi yawa, ga injinan markaɗe ga 'yan babur, ita kuwa jarrabawar Turanci za ta yi, irin wadda sai ka ci ta ake yarda ka tafi karatu ƙasar waje. Shekaranjiya ina tankaɗe a ƙarƙashin rumfa, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai yarinyar ta zare abin kunnen nan ta saki muryar a fili. Wata Baturiya ta fara magana a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Wallahi sai da rariyar ta kusa suɓuce mini. Shekara talatin da ɗoriya rabon tsakar gidan nan da irin wannan murya.

Ni a aji huɗu na tsaya, ɗan rubutun nan ma a ajin manya na ƙarasa shi. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Daga cikin ɗaki nakan gane turmin wa ake daka a unguwa, da kuma ko mai dakan ta yi faɗa da mijinta.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan Habibu yana ɗan shekara bakwai, uwarsu ta rasu. Ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, ni na ɗaure masa ƙanzo a leda ranar da zai tafi makarantar kwana. Yana ce mini Yaya Abu, ni kuwa tun da ya fara dawowa hutu yana taune harshe na raɗa masa Bature. Su biyu ne maza a gidan, shi da Malam maigidana, gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ci. Har da ya shiga jami'a, duk damina yakan dawo ya kama kunya ɗaya Malam ya kama ɗaya. 'Ya'yana a lokacin mata ne uku, ƙanana.

Shekarun nan ne da komai ya tsaya wa talaka a wuya. Takin zamani sai labari, kananzir sai a kwalbar magani, daminar da ta wuce kuma ba ta yi kyau ba. In na leƙa rumbu na yi magana sai muryata ta dawo mini. Cikin wannan hali, da bazara, zafi har kaji na buɗe baki, Habibu ya shigo da takarda. Wasu ne za su ɗauki nauyinsa ya tafi ƙasar Turawa ya ƙaro karatu a kan ƙasar noma, amma da sharaɗi: sai ya ci jarrabawar Turanci, kuma wajen kaka za a yi ta. Na ce shekara goma sha shida kana Turanci, har yanzu bai nuna ba? Ya yi dariya, ya ce Turawan ba su yarda da na bakinmu ba. Za a kunna musu maganar Turawa sau ɗaya tak, ba maimaici, su amsa tambayoyi, sannan a zaunar da mutum gaban wani ya yi ta zuba ana auna shi.

Malam bai yi dogon tunani ba. Ya ce bana Habibu ba zai taɓa fartanya ba, shi zai riƙe gonar. Habibu kuma ya roƙi abu ɗaya, kada kowa ya ji. Mu ma abin da ke ranmu ke nan. A garinmu ba a faɗin tafiya sai ƙafa ta shiga mota, saboda baki. Malam ya ja mini kunne, ya ce ko innata kada ta ji daga gare ni. Na riƙe.

Ya samo aron rikoda da kaset shida. Ɗakinsa na cikin soro, bango ɗaya ne tsakaninsa da turmina, don haka karatun nan tare muka yi shi. Da ya dawo daga sallar asuba sai ka ji ƙwas, ya danna. Baturiya ta yi magana kaɗan. Ƙwas, ya tsayar. Ƙirrr, ya mayar da ita baya. Sai muryarsa ta biyo, yana maimaita abin da ta ce, wani lokaci har sau goma, yana tsaki. Batir kuwa ni ce mai jinyarsa. In muryar matar ta fara kauri tana jan ƙafa kamar ta mashayi, sai ya miƙo mini su in jera a kan jinkar rumbu su sha rana, da la'asar a mayar, su ƙara ɗan numfashi. In sun mutu murus sai ƙuli-ƙulina ya tafi kasuwar Ɗambatta ya dawo da sababbi.

Abinci ma haka. Ƙwan zabi na farkon damina, wanda da yara ke rububi, nasa ne, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Curin fura in ɗaya ne nasa ne. Mu kuwa tafasa da rama, a yayyafa ɗan ƙuli a kira shi kwaɗo. Ban taɓa jin zafin haka ba, Allah ya sani. Daɗi ma nake ji.

Kafin wata biyu na haddace kaset ɗin nan kamar waƙar daka, ba tare da na san abin da nake faɗa ba. Akwai wani wuri da na fi so. Wani mutum ya zo tashar jirgin ƙasa yana haki, matar da ke sayar da tikiti ta gaya masa wata magana, sai ya yi wani irin nishi. Na tambayi Habibu me ta ce masa. Ya ce ta gaya masa jirgin an yi masa kansal, wato an soke shi, ba tafiya. Yanzu kowa na faɗar kalmar nan, a lokacin babu wanda ya san ta a garinmu. Na ɗauke ta na mayar abin tsokana. In ya leƙo ya ce, “Yaya Abu, yau da nama a miyar?” sai in maƙe murya irin ta Baturiyar in ce masa kansal. Ya yi ta dariya har da riƙe bango.

Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka. Gero ya fito ya yi kunne biyu, sai sama ta bushe. Kwana ashirin hadari na haɗuwa da yamma, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta zo ta kwashe shi. Shuka ta nannaɗe kamar an gasa ta. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Da ya tashi dawowa kuwa sai ya dawo da fushi, ba dare ba rana. Malam ya yi gyaran shuka da ɗan irin da ya rage, ya yi noman firi, wato noman farko, shi kaɗai, amma kafin ya kai ƙarshen gona farkonta ya sake rufewa. Ciyawa, harkiya da komayya, suka tashi kafaɗa da kafaɗa da gero. Babbar gonarmu ta bayan rafi, wadda ita ke ciyar da gidan nan gaba ɗaya, in ba a yi mata maimai cikin kwanakin nan ba, shi ke nan.

A irin wannan hali gayya ake kira. Ga wanda bai sani ba, gayya ba a biyan kowa: mai gona ya dafa abinci, maza su taru da fartanyoyinsu da mai ganga, wuni ɗaya a share gona. Amma ƙafa ce ke jawo ƙafa. Gidan da ke da maza biyu, biyu ake jira a gayyar mutane. Tun farkon damina Malam kaɗai ke zuwa ta kowa, mutane kuwa na wucewa ta ƙofar soronmu da laka har gwiwa, suna jin muryar mace Baturiya, suna hango ƙato a kan tabarma. Lami maƙwabciyata, mai bakin da ba ya ƙiwa, ta shigo aron wuta ta ce, “Abu, wai amaryar ƙanin mijin naki a cikin rediyo take kwana? Ku dai ku fito da ita mu gani, ko ta iya tuƙa tuwo.” Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce yaro ne, karatu ya taɓa shi. Amsar tana kan harshena, na haɗiye.

A tsakanin nan ne kunnena ya ji wani abu. Ƙwas ɗin nan ya daina. Kaset zai kama daga farko ya tafi har ƙarshe, ba tsayawa, ba komawa baya, muryar Habibu kuma ba ta biyo ta Baturiyar. Na tsayar da taɓarya na saurara, kwana ɗaya, kwana biyu, mako. Sai na gaya wa kaina ai ya ƙware ne, wanda ya haddace me zai maimaita? Har daɗi na ji. Na ƙara masa ƙwai.

Malam ya je wurin sarkin noma ya sa ranar gayya. Dattijon bai ɓoye masa ba. Ya ce samari sun yi rantsuwa ba za su sunkuya a gonar da mai ita ke kwance yana jin rediyo ba. Amma ya ba shi mafita: jibi akwai gayyar Malam Audu, Habibu ya fito wuni ɗaya kawai, a gan shi da fartanya, shi kuma ya ɗauki alkawarin kawo kowa.

Ina gindin turmi Malam ya dawo. Na ji ya yi sallama a ƙofar ɗakin ƙaninsa, ya tsugunna, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Sannan Habibu ya ce, “Yaya, jarrabawar ta matso. In na yi wuni a rana, sai na yi kwana uku kaina bai dawo ba.”

Malam ya ce, “Haka ne. Yi haƙuri, ban yi tunani ba. Ci gaba da karatunka.”

Yi haƙuri. Shi ne ya ba da haƙuri.

Duk da haka bai janye ranar ba, ya ce mutane ba za su kunyata shi ba, shi da bai taɓa ƙin gayyar kowa ba. Na share gindin rumbu, ɗan dawar da nake tattali don kwanakin marka na surfe ta duka. Tun da sassafe na tuƙa tuwon mutum talatin, na dama kunu randa guda. Na yi ta kasa kunne in ji ganga daga bayan rafi. Hantsi ya yi, ba ganga. Sai kukan kwaɗi, da Baturiya a soro tana ta sayar da tikitinta ba mai tsayar da ita. Mutum huɗu suka zo, duk tsofaffi, sa'annin mahaifin Malam, don kunyar kabari. Kafin azahar bayansu ya ƙage. Da yamma aka dawo mini da ƙwarya-ƙwaryar tuwo ko taɓawa ba a yi ba. Kwana uku muna ɗumame, na huɗu ya yi yami, na shanya sauran, ranar shanyar ma babu.

Marka ta zauna. Bango ya jiƙe, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika ido. Yarana suka koyi kwanciya da wuri don kada su tambaya. Malam yakan fita da duhun asuba da buhu a ka, ya dawo da magariba, tafin hannunsa ya tsattsage, in zuba masa man kaɗanya yana cije baki. Duk ranar da na yi ƙorafi sai ya ce in yi shiru, wahalar shekara ɗaya ce, yaron nan in ya tafi ya dawo, garin nan gaba ɗaya zai ci.

Wata ranar Laraba, ruwa ya ɗan tsagaita, wani abokin karatun Habibu mai suna Nasiru ya zo daga Ɗambatta a kan keke. Suka shige soro. Da Turanci suke magana, ƙasa-ƙasa, yadda 'yan boko ke yi in ba sa son na gida su ji. Ni ina surfen ɗan hatsin da Lami ta sammini, ban ma sa kunne ba, kunnen ne ya sa kansa. Na ji kalmata, kansal. Nasiru ya faɗe ta, ya sake faɗa, kuma ba da muryar wasa ba, da muryar mai ta'aziyya. Sai Turancin ya ƙwace masa, ya ce da Hausa, “Kai, har yanzu ba ka gaya musu ba?” Habibu ya yi masa shiit.

Na jingine taɓarya. Na jira har na ji ƙarar sarƙar keken ta yi nisa. Tun da ya zama saurayi ban taɓa shiga ɗakinsa ba, ranar na shiga, ko sallama ban yi ba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, rikoda na ta zuba. Littafin da yake rubutu a ciki yana gefe, danshi ya kumbura shi, har gara ta fara gini a bangonsa. Na sa yatsa na danna da kaina. Ƙwas.

Na ce, “Bature, me aka soke?”

Ya tashi zaune yana neman dariya, wai kaset ne na ji. Na ce kaset bai iya Hausa ba. Ya sunkuyar da kai. Can ya ce masu ɗaukar nauyin ne suka rubuto, sun ce abubuwa sun taɓarɓare, bana ba za su tura kowa ba.

“Tun yaushe?”

“Tun ana noman firi.”

Na dafa bango. Na ce, “Ranar da yayanka ya tsugunna a bakin ƙofar nan yana roƙonka wuni ɗaya, takardar tana ina?”

Ya ɗaga gefen tabarmar da yake kai, ga ta nan a ninke.

Ya yi kuka, ban hana shi ba. Ya ce da farko ya zaci za su sake shawara, ya ce bari ya jira mako guda. Mako ya wuce, ya ga ƙwai, ya ga batir, ya ga hannun Yaya, sai faɗar ta ƙara nauyi. Ya ce in ya fita gayyar Malam Audu dariya za a yi masa, a ce Bature ya sauko. Kullum yakan ce gobe. Na saurare shi har ya gama, don ni na raine shi, na san ba mugu ba ne. Amma tuwon mutum talatin na tsaye a idona. Na ce masa gobe da safe ya gaya wa yayansa, in bai faɗa ba ni zan faɗa.

Ya faɗa. Malam na tsakar gida yana wasa fartanya a kan dutse, ni ina hura wuta. Habibu ya durƙusa ya miƙa takardar, ya ce Nasiru ne ya kawo ta jiya. Jiya. Da ya faɗi haka sai ya ɗago ya dube ni ta cikin hayaƙi.

Malam ya ajiye fartanya. Ya riƙe takardar da bai iya karantawa ba, ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “An cuce ka, Habibu. Duk wahalar da ka sha.” Sannan ya juyo gare ni. “Abu, dama masa fura, bai ci komai ba.”

Na buɗe baki. Na dubi mutumin nan, ƙashin wuyansa a waje, abu ɗaya ke riƙe da shi a tsaye, cewa wahalarsa ta tafi ne a kan hanya. Kuma duk duniya ɗan'uwansa ke nan. Na rufe bakina, na ɗauko ludayi na dama furar.

Ranar Habibu ya ɗauki fartanya, ya yi noma har hannunsa ya yi jini, mutanen gari suka ce yaro ya shiryu. Amma ciyawa ta riga ta yi fure. Geron ya yi rawaya, zangarniya ba ta wuce tsawon yatsa ba. Gonar da kan ba mu dami tamanin, goma sha tara muka ɗaure. Da kaka ta wuce Malam ya naɗe tabarmarsa ya tafi cin rani kudu, abin da bai taɓa yi ba, yana sayar da ruwa a garwa da furfura a gemunsa. Ya dawo da wani tari da ba ya barinsa duk damina. Har Allah ya karɓi ransa, shekara shida ke nan, in aka yi zancen karatun waje sai ya girgiza kai ya ce, ai da ba a ci amanar Habibunmu ba, da yanzu wani labarin ake.

Habibu ya yi aikin koyarwa har ya ajiye, ya je Makka, mutumin kirki ne a bakin kowa. Bai taɓa barina da yunwa ba, duk azumi buhunsa na riga na kowa isowa. Muna gaisawa, muna raha. Amma tun daga ranar ban sake ce masa Bature ba, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba.

Yanzu ba mai kiran gayya a garin nan, feshi ake yi, ciyawa ta mutu a tsaye. Batir ma ba a shanyawa, wani faifai ne a kan rufi ke shan ranar. Safiyya kuwa tana ƙoƙari, ina ji. Takan ja yatsa a kan wayar ta mayar da Baturiyar baya, ta maimaita, ta yi tsaki irin na ubanta sak. Ba na gaya mata, amma kullum da safe wannan komawa bayan nake saurare kafin in sa wa cikina komai.

Jiya ta fito ta zauna kusa da ni, ta karɓi rariyar tana taya ni. Ta ce, “Inna, Baba ya ce shi ma ya taɓa shirya irin jarrabawar nan a gidan nan, aka yaudare shi. Ya ce ke kika riƙe shi, ke kika fi kowa sanin labarin. Ba ni mana.”

Na ce ta bari in gama tankaɗe. Garin ya ƙare tun jiya, yarinyar kuwa ba mai mantuwa ba ce. To ku da kuka zauna kuka ji, in ta sake tambayata da yammacin nan, wanne zan ba ta: labarin da Malam ya tafi kabari da shi, ko wanda na ji ta bango?